Zuwa ga Garba, wanda sunansa ya hau allon majigi

Aminina Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Ikko, kai da iyalinka. Wasiƙunka uku sun iso Fagge. Ban amsa ba, kuma ba don rashin takarda ba ne.

Ka tuna shagon hoton Mista Obi a Sabon Gari, inda muka koyi sana'a? A ɗakin wanke hotonsa na gano yadda ake fito da mutum sau biyu a hoto ɗaya. Muka yi wa wani direban jirgin ƙasa, ya fito yana gaisawa da kansa, matarsa ta ƙi ratayewa, wai aikin aljanu ne. Mista Obi yakan ce a cikinmu biyu ni ke da hannu, kai ke da ido. Na daɗe ina zaton ni ya yaba.

Da wani Baturen majigi ya zo daga Ikko neman mai irin wannan dabara, ni ya fara kira. Na ce Baba ya tsufa, ba mai tsare masa rumfa a Kantin Kwari. Gaskiya ne, amma tsoro ya fi yawa. Kai ka ɗauki akwatinka, na raka ka tasha.

Shekara shida kana haɗa musu siddabarun hoto, ni kuwa ina ce wa mutane ai kai ɗan aikensu ne kawai. Yanzu ga ka darakta, kai ke cewa a ɗauka, a tsaya.

Makon jiya aka nuna fim ɗinka a filin unguwarmu. Da aka zo inda gonar wani manomi ta tsiro cikin ƙiftawar ido, wuri ya kaure da sowa. Sunanka ya fito, maƙwabta suna dafa kafaɗata suna yi mini barka. Na yi ta murmushi har muƙamuƙina ya gaji.

Unguwa uku na bi motar majigin, Garba, ina neman aibu. A ta ukun na ga inda haɗin hoton ya karkace, inuwar manomin ta koma hagu. Ba wanda ya lura sai ni. Na kwana biyu ina murna, sannan murnar ta sage, don duk Kano ba wanda zan faɗa wa ya gane sai kai. A nan na san na yi kewarka.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya tsare ka daga mahassada, har da mai rubuto maka wannan.

Naka,
Isiyaku