Hannun Inna a Cikin Mayafi

Briqueterie, Yaounde

Zuwa ga yayata Mu'mina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara can Garwa. Mu nan sai godiya, ruwan sama ne dai bai ɗaga mana ƙafa ba.

Yaya, maganar hannun Inna ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba kya bari in kai aya. Abin da muke ta kira sanyin Yaounde ashe ba sanyi ba ne. Tun bara yatsunta suke kumbura, da safe ko buta ba ta iya ɗagawa, ɗinkin hula kuwa ta ajiye. Mijina Garga ne yake kai ta asibiti, shi ne mai Faransanci. Kin dai san Inna da kunyar suruki. Likita ta yi tambaya, Garga ya fassara, sai Inna ta dunƙule hannu cikin mayafi ta ce alhamdulillahi. Haka suka yi ta dawowa da maganin ciwon jiki.

Makon jiya na kai ta da kaina, da guntun Faransancina. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likita ta ce jiki ne da kansa yake yaƙar gaɓoɓinsa, kuma da an gano da wuri magani zai tare shi, amma yatsun da suka karkace ba za su miƙe ba. Wallahi kuka na yi. Likitar ta ce suna bincike kan waɗanda ciwon ya fi kamawa, mata sun fi yawa, wani lokaci kuma yakan bi dangi. A nan Inna ta faɗa cewa haka hannun mahaifiyarta ya ƙare.

Hankalina bai kwanta ba, Yaya. Na duba hotonku na Sallah, kowa ya baje lallensa, ke kaɗai kin naɗe hannu a mayafi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Don Allah ki je asibiti tun yatsunki suna miƙewa, kuma ki tafi da 'yarki Jiddah, ba da mijinta ba.

Ki gaida maigida Baba Mamadu da Jiddah da ƙanwarta Karimatu. Inna tana gaishe ki. Ita ma ta ga hoton. Ta daɗe dai tana kallo.

Ƙanwarki,
Afra'u