Baƙin Hayaƙinka a Rufin Kogo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinka.

Ranar Asabar na ɗauki jikarka Nana, amaryar taka da ba ku taɓa ganin juna ba, muka bar Gwarinpa da sassafe zuwa kogon bayan garinmu. Ta dame ni da tambayar wane irin mutum ne kai, hotonka kuwa ɗaya ne, shi ma ya koɗe. Na ce bari in kai ta inda ka bar sawu.

An zagaye wurin da waya. Sai da na yanki tikiti, na sa hannu a littafin baƙi. Ni ne baƙo, Baba! A kogon da nake riƙe maka bakin buhu kana ɗibar kashin jemage don takin gona, kana cewa, "Ɗebi na ƙasa, bar na sama su yi barcinsu."

Ban ƙi a tsare wurin ba. Amma mai yi mana jagora ya ƙona min rai. Ya nuna fararen duwatsun nan masu tsini, ya ce ɗigon ruwa ne ya gina su shekaru aru-aru. Ai ka riga shi faɗa min, ranar da ka make min hannu don na so ɓalle ɗaya.

Sai ya haska rufin lungun dama, ya nuna baƙin hayaƙi, ya ce ɓarnar jahilan ƙauye ce, an kusa kankare ta. Hayaƙin wutar karanka ne. Na san ramin da kake kafa ta.

Na yi shiru, Baba. Ga 'yan boko tsaye da manyan wayoyi suna girgiza kai, kunya ta ɗaure min baki. Nana kuwa ta rubuta maganar a littafinta.

A hanyar dawowa, wajen Tungan Maje, ta tambaye ni ko ka san jahilan nan. Na tsayar da mota a gefen titi na gaya mata komai. Sai ta tambayi dalilin da ya sa ban faɗa a can ba.

Har yau ban ba ta amsa ba. Haushin mai jagora ya wuce, nawa ne ya ƙi wucewa.

Ka yafe min, Baba. Allah ya jiƙanka, ya haska makwancinka kamar yadda ka haska min duhun kogon nan.

Ɗanka da ya yi shiru,
Baban Nana