Na Tafi Neman Kakana Bature, Na Tono Asirin Kakata

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana, ku kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni budurwa ce a Faskari, mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Tun ina ƙarama nake cin littattafan soyayya, irin waɗanda yarinya za ta tashi cikin talauci, sai a ƙarshe a gano ashe jinin wani babban gida ce. Ga ni kuma fara, gashina mai laushi, kakata mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, har ta fi ni haske. Abin da muka sani game da ita kawai shi ne marainiya ce, ba ta da kowa, marigayi kakanmu ya auro ta a yawon fataucin shanu. In na tambaye ta garinsu sai ta ce, "Garinmu nan ne inda kike ganina." Mai irin kaina yaya za ta yi da wannan amsar?

Da daminar nan Iya ta kwanta zazzaɓi, ta aike ni in ɗauko mata man zafi a kwallarta. Can ƙasa na ga wani abu naɗe a tsumma. Tsohon hoto ne, Bature dogo da malafa a gefen babur, ya dafa kan wata yarinya mai idanun Iya sak. A bayansa an rubuta Brigid, da sunan wani ƙauye bayan garin Ƙetare, wajen Ƙanƙara, da sunan ƙasar Ailan. Wallahi Anti, kafin in mayar da murfin kwallar na gama rubuta littafin a kaina. Ubanta ne, an raba su, ya koma ƙasarsu yana kuka, danginsa na can suna jiranmu a wani gida mai koren lambu. Na shiga waya na karanta cewa masu neman kakanninsu na Ailan littattafan coci suke bi, don duk wanda aka yi wa baftisma, wato wankan shiga addininsu, ana rubuta sunansa da na iyayensa. Na ce to in fara da na nan, in samo cikakken sunansa, sannan in bi sawunsa har cocin garinsu.

Na yi wa Baba ƙarya cewa zan je bikin ƙawata a Ƙanƙara. Ni, 'yar ladan, da hijabina har ƙasa, na tsaya a ƙofar cocin ƙauyen nan, ashe ƙauyen Maguzawa ne. Malamin cocin, da suke kira katikis, ya karɓe ni da mutunci, ya duba hoton ya yi dariya. "Ai wannan Fada ne, limamin coci, 'yata. Su ba sa aure. Ɗan Ailan ne kam, shi ya yi wa iyayenmu baftisma, kowane yaro sai ya ɗauki hoto da shi." Ban yarda ba sai da ya ɗauko littafin, wanda gara ta ci gefensa, muka yi ta buɗawa har muka samu. Brigid. Uwa Kande, uba Jatau, manomi. Sunan Baturen yana can ƙarshen layi, wurin sa hannu, kamar yadda yake a layin kowa. Na ɗaga kai na leƙa ta taga, sai ga mata suna daka, rabinsu farare kamata, har da mai irin hancina.

Da a nan abin ya tsaya, da kunyata ce ni kaɗai. Amma a ƙauye ba a karanta sunan mutum a yi shiru. Katikis ya miƙe yana cewa, "Ɗiyar Jatau? Wadda ta ɓace?" Kafin in ce wani abu ya aika an kira wani tsoho, Baba Nomau, ya zo yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallona, sai ya zauna a ƙasa. "Yarinyar ga, ki ji tsoron Allah, tana da rai?" Na so in ce ta rasu. Wa zai iya kallon tsoho yana kuka ya faɗi haka? Na ce tana nan. Ya ce yayarsa ce, ita ta goya shi. Ta bi wani mai shanu ta musulunta, ubansu ya yi rantsuwa a kanta cikin fushi, ta tafi ba ta waiwayo ba, uwarsu kuma har ta mutu tana zuba tuwo da rabonta.

Na ƙi faɗin inda muke, ina ganin dabara na yi. Na manta da rakiya. Baba Nomau ya ce, "Ɗiyarmu ta bi hanyar nan ita kaɗai, da halin da ake ciki? Ba a yi ba!" Suka ɗaura mini kaza da gyaɗa, babban ɗansa ya ɗauko babur. Na ce ya sauke ni a tasha, ya ce babansa zai tsine masa. Sai da ya ga shigata zaurenmu sannan ya juya. Saƙon tsohon kuwa shi ne, da an gama yankan dawa za su zo, shi da 'ya'yansa da tunkiya, har da matan coci da kayan kiɗansu, don ba a zuwa ganin wanda ya ɓata a ɓoye. Gidanmu kuma yana kallon masallaci.

Na gwada Iya ina matsa mata ƙafa. Na ce, "Iya, da a ce wata rana danginki su bayyana fa?" Ta janye ƙafarta. "Wa ya aike ki?" Na ce wasa nake. Ta ce, "Ubanki ya tashi yana alfahari da uwarsa, haka nake so ya kai ni kabari. Ranar da aka tono abin da na binne, ku haƙa da faɗi, don ni za ku sa a ciki." Tun daga ranar in na shiga ɗakinta sai ta juya wa bango fuska.

Na san zama Bamaguje ko Kirista a da ba laifi ba ne, amma sirrinta ne, ta riƙe shi tsawon rayuwarta, ni kuma na buɗe shi don ina mafarkin zama jikar Bature. In na faɗa wa Baba, na tona ta da bakina. In na koma na ce wa Baba Nomau kada ya zo, na kashe tsohon da bai yi mini komai ba, kuma ban ma ga alamar zai ji ba. In na yi shiru, za su iso ne kawai. Jiya na ga an fara shigo da dawa a amalanke.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?