Katantanwa a Filin Baba

Litinin, 12 Fabrairu 2024

Yini guda a kwalekwale kan tafkin Nokoué, ina ɗibar ruwa a kwalabe. Na dawo Zongo ina warin taɓo. Baba na ganina ya ce wa abokansa, "Ga biyolojis ɗin gwamnati, mai auna ruwan kwata." Suka yi dariya. Ni ma na yi, amma abin ya ci min rai. Na gaji da garin nan. Wallahi ko Parakou, can arewa, aka ce a mayar da ni, gobe zan kama hanya.

Asabar, 17 Fabrairu

Baba ya kai mu ganin filin da ya saya a bayan Godomey, inda yake son gina mana gida mu bar haya. Wuri fes, busasshe. Haka mutanenmu ke sayen fili, da rani, kamar a arewa inda ƙasar da ta bushe ta bushe ke nan.

Na tona yashi da ƙafa, sai ga katantanwar ruwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Alamar ruwa na kwanciya a wurin ke nan. Na jefa guda a jaka. Murnarsa ta hana ni gaya masa.

Talata, 20 Fabrairu

Na kasa zama a biro, ofishinmu. Na duba hotunan sama na shekarun baya. Tsohuwar hanyar ruwa ce, ta ratsa tsakiyar filin.

Alhamis, 29 Fabrairu

Shugabana, Nasser, yana son taswirar yankin ta tafi ofishin magajin gari. Duk inda na shafa shuɗi, ba a ba da izinin gini. Ya leƙo, ya nuna daidai inda filin Baba yake, ya ce, "Adawiyya, nan fa? Kin bar shi fari." Na ce ina zuwa. Na fita, na zaga unguwar Gbégamey a ƙafa ba abin da zan saya.

Juma'a, 1 Maris

Na shafa.

Na gaya wa Baba bayan la'asar, na ajiye masa katantanwar a kan tabarma. Ya ce, "Maƙwabta duk sun zuba yashi sun gina. Sai 'yata ce za ta hana ni?" Na ce, "Baba, yashi ba ya canza wa ruwa hanya." Ya tashi ya bar ni da shayinsa.

Laraba, 10 Afrilu

Sallah. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Bulon da ya buga suna can filin a jibge.

Lahadi, 23 Yuni

Ruwa tun Alhamis. Wassila, ƙanwata, ta nuno min hoto a waya: gidajen maƙwabtan, ruwa har taga, ana fito da wata tsohuwa a kwalekwale. Bulonmu ko kansu ba a gani. Na ɗauka zan ji daɗi. Kuka na yi.

Juma'a, 28 Yuni

Na ga katantanwar a kantin Baba, kusa da carbinsa. Bai yar ba.

Ina wucewa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Alhaji Moumouni zai sayi fili a Sèmè. Na ce kada ya taɓa sai mai auna ruwan kwata ta gani."

Nasser ya tambaye ni yau ko har yanzu ina son Parakou. Na ce sai bayan damina. Dogayen takalmana na roba na wanke, suna bakin ƙofa.