Takardar da Waya Ba Ta Karanta Ba

Tambuwal,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anisa da yara. Ya ruwa, ya gona? Allah ya ba mu albarkar daminar nan.

Yaya, ka karanta wannan a tsaye, kada ka aje ta sai an jima. Na kira layinka ya fi sau goma bai shiga ba, shi ya sa na ba Almu direba ya kawo maka hannu da hannu.

Jiya na san abin da ya yi sanadin maigidana. Na yarda ajali ne, ban yi wa Allah shisshigi ba, amma na ga sanadin da idona.

Ka san tun ranar rasuwa dattawan gidansu suka kulle kayan Malam a akwati, suka ce ba mai taɓawa sai an yi arba'in an raba gado. Jiya aka buɗe, wayarsa ta faɗo a rabona. Na sa ta caji na kunna, sai muryar nan ta tashi, wadda ke karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa tun da ciwon sukari ya tafi da idanunsa. Sakatariyarsa yake ce mata, har yana tsokanata wai ta fi ni jin magana. Na taɓa saƙon asibitin Sakkwato inda yake karɓar magani, ta ce hoto ne, ta yi shiru.

Ba hoton mutum ba ne, Yaya. Takarda ce aka rubuta, aka buga mata hatimi, aka ɗauke ta hoto aka turo, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Sun ce maganin sukarin da suka bayar ranar da su Malam suka je an yi kuskure wajen zuba shi a leda, ƙarfinsa ya ninka abin da likita ya rubuta. Duk wanda ya karɓa ya daina sha nan take ya koma. Ni da na tsaya aji shida na karanta ta tsaf. Malam da ya koyar shekara ashirin da fuɗu bai samu ya ji ta ba, don wayar rubutu take karantawa, ba ta ganin abin da ke cikin hoto.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai: ya gaya mini. Ina suyar ƙosai da safe ya ce asibiti sun turo hoto, in duba masa in na samu sarari, ƙila gaisuwar Juma'ar nan ce mai furanni da suka saba turowa. Na ce bari in sauke kasko. Masu saye suka taru, na manta. Shi kuma ka san halinsa, ba ya roƙon abu sau biyu. Kwana fuɗu bayan nan ya yanke jiki a zaure, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

To ba kuka na zo yi maka ba. Su uku suka je ranar a mota ɗaya daga ƙungiyar makafi: Malam, da amininsa Ɗan'iya mai tufkar igiya na bayan kasuwarku, da wata Mas'uda 'yar rugar da ke gabas da Kebbe. Dukansu irin wayar nan gare su. Da Ɗan'iya ya zo ta'aziyya ya ce tsohon maganinsa na wata biyu ne, ba zai taɓa sabuwar ledar ba sai ya ƙare. Na ƙirga kwanakin, in bai buɗe ba to yana gab.

Da son raina ne da ƙafata zan zo, amma ina cikin takaba, surukata ta ce ko dokin ƙofa ba zan tsallake ba. Don Allah ka hau babur yanzu. Ka karɓe ledar daga hannunsa tukuna, bayani daga baya. Sannan ka nemi Mas'uda.

A gaida Anisa, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Mu'minatu.


Tambuwal,
Ranar Juma'a.

Yayana Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da gajiya, Allah ya saka maka da alheri. Ya jikin Ɗan'iya?

Almu ya kawo mini amsarka. Da na karanta cewa ka same shi ya riga ya sha kwana biyu, yana kyarma igiya na suɓuce masa, sai da na yi salati. Alhamdulillahi da ka kai shi asibiti kan lokaci. Na yi dariyar da rabona da ita tun rasuwa, inda ka ce ya farfaɗo yana faɗa wai ka fizge masa leda kamar ɓarawon kasuwa.

Na tura Mannir, ƙanen Malam, asibitin Sakkwato da wayar. Sun ba shi haƙuri, sun ce kowa an tura masa saƙon, kuma alama ta nuna an buɗe na Malam. Haka ne, Malam ya buɗe. Mannir ya kunna musu a kan tebur suka ji da kunnensu abin da wayar ke faɗa. Na sa ya roƙe su daga yau su riƙa buga maganar da rubutu yadda waya za ta karanta, ko su faɗe ta da murya, ko su kira mutum. Sun ce za su kai maganar gaba. Sun kuma kira Mas'uda a gabansa, bai shiga ba.

Ita ce ke hana ni sukuni. Ka ce ka tarar rugar ta tashi tun da shuka ta yi tsawo, sun yi kudu da shanu, hanya kuma ta lalace. Na sani na dame ka, ga noma na jiranka. Amma ranar kasuwa ka tsaya wajen masu nono, ba za a rasa wadda ta san inda suka sauka ba. Ka ce musu Mas'uda makauniya mai ciwon sukari, farar leda mai jan rubutu, kada ta sha ko ƙwaya ɗaya.

Ni ma na karanta takardar da bakina, na ɗauki muryata na tura layinta, sau biyu, a hankali yadda ya kamata in yi wa Malam. Ina ta dubawa, saƙon bai isa ba.

Ka gaida Ɗan'iya da jiki, ka gaida Anisa. Sauran Mas'uda. Ba ta ji ba tukuna, kuma ledar tana hannunta.

Ƙanwarka,
Mu'minatu.