Ramuka a Fakon Gogo

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Ofis sun haɗa ni da wata Malama Lai'atu, mai zane daga Zariya. Za ta haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama a wani fako a Kuki, a jera su yadda idan ƙaramin jirginta marar matuƙi ya ɗauki hoto daga sama za a ga zane. Akwai kuma na'urorin da za ta binne, su auna danshin ƙasa su mai da shi sauti a waya. Ni malamin gona ne. Na ce to.

Talata, 14 ga Mayu
Fakon na Gogo Batula ne, tsohuwa, mijinta ya rasu. Kwazazzabo ya ci rabin gonar, taku goma sha biyu ya rage ya kai rumbunta. Na auna. Lai'atu ta nuna mata zanen a kwamfuta, Gogo ta daɗe tana kallo. "Zai tsai da ruwan?" Abin da ta tambaya ke nan kawai.

Alhamis, 23 ga Mayu
Ramuka tara na kusurwar gabas sun ba gangare baya, ba za su tare ruwa ba. Na faɗa wa Lai'atu. Ta ce in an juya su zanen ya lalace. Na faɗa sau ɗaya, ban maimaita ba. Aikinta ne.

Laraba, 19 ga Yuni
An dasa bagaruwa da gamba. Na'urorin suna wani ƙugi kamar kurciya. Mutane na taruwa su ji.

Juma'a, 12 ga Yuli
Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Kusurwar gabas ta ɓalle, ruwan ya bi ta nan ya faɗa kwazazzabo. Rumbun ya rufta, da sauran geron bara a ciki.
Lai'atu ta zauna a taɓo tana kuka. Gogo ba ta kula ta ba, ni ta kalla. "Malam Tukur, ita baƙuwa ce. Kai fa?"
Na juya na koma gida.

Asabar, 13 ga Yuli
Ban je ba.

Litinin, 15 ga Yuli
Na je da igiya da ma'aunin gangare. Na zana inda ruwa ke bi, na ce duk zanen da za a yi, a kan wannan za a ɗora shi. Lai'atu ba ta yi gardama ba. Gogo ta ɗauko ƙwaryar nononta ta kife, ta nuna sassaƙar da ke jiki. "Wanga zane ba ya faɗa da ruwa," in ji ta. Shi muka bi. Haƙan zai ci mana kwana huɗu. Bayana yana ciwo.

Lahadi, 18 ga Agusta
Ruwa uku manya, babu ramin da ya ɓalle. Gamba ta kai gwiwa. Kwazazzabon bai ƙara ko taku ba. An nuna wa Gogo hoton sama, ta ce ƙwaryarta ta fi kyau. Maƙwabta sun fara ɗora mata sabon rumbu. Na kai azara biyu.

Litinin, 9 ga Satumba
An mai da ni Kurfi. Lai'atu ta koma Zariya.
Yau na shata wa wani manomi ramuka, babu jirgi, babu na'ura. Da na zo layi na uku sai na ɗan lanƙwasa shi, kamar zanen ƙwaryar Gogo. Gangaren bai hana ba, bai kuma buƙata ba. Mai gonar ya tambayi dalili, na ce haka ake yi yanzu.