Injin Kifayen Maigida Ya Tsaya

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, ke da Baba da su Muzammil. Yaya ciwon gwiwar? An gama cire masara a Dangora?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwa a ranki. Sai dai maigidan da nake wa aiki a nan Jidda ya yi tafiya, ya bar mini amanar kifayensa na ado da ke cikin akwatin gilashi. Akwai injin da ke tsotse dattin ruwan, ya tara shi kamar kumfa a kofi. Shekaranjiya ya tsaya cak, mai gyara kuma ya ƙi ɗaga waya. Ruwan ya fara gurɓacewa. Yanzu da ludayi nake kwashe abin da ya taso sama, yadda kika koya mini a tukunyar wake.

Mai aikin da na gada, kifi ɗaya ya mutu a hannunta aka kore ta. Yau wani shuɗi a cikinsu ya ƙi cin abinci.

Ki roƙi Malam Sha'aibu ya taimaka da addu'a. In ya tambayi marar lafiyar, kada ki ji kunya, Inna, ki ce masa kifi ne.

'Yarki,
Bushira